Ranar da Kumbo Ya Ratsa Saman Kano

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiyarmu, tsohon malamin lissafi, ya gabatar a taron iyaye da ɗalibai na ƙarshen shekara. Mun buga shi yadda ya fito daga bakinsa saboda waɗanda ba su sami halarta ba.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam.

Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayenmu mata, da 'ya'yana ɗalibai, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Da shugaba ya aiko mini cewa bana ni zan yi jawabi, na ce masa a kan 'yan sama jannati zan yi. Ya yi shiru, ya dube ni, ya ce, "Malam, mu da muke fama da kuɗin haya da kuɗin makaranta, ina ruwanmu da masu zuwa wata?" Na ce ya ba ni rabin sa'a, in na gama bai ga ruwanmu a ciki ba, baɗi ya nemi wani. To, ga ni, Allah ya sa kada in rasa aikin baɗi.

A shekarar 1969 ina yaro a nan Sabo, ina aji shida. Ƙasarmu tana cikin yaƙin basasa, kuma labarin yaƙin ne yake sa mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya kunna akwatin rediyo a zaure kowane dare. Daren Lahadi, 20 ga watan Yuli, sai rediyon ya kawo wani labari daban, wai mutum biyu sun sauka a kan wata. Da agogonmu na nan, ƙarfe tara da minti 17 na dare suka sauka, sai kuma wajen ƙarfe huɗu saura na asubahin Litinin Neil Armstrong ya sa ƙafarsa a ƙasan watan. Gari na wayewa gardama ta kaure tsakanin fataken goro. Wasu suka ce ƙaryar Turawa ce, wasu suka ce alamar tashin duniya ce. Ni dai na tafi makaranta da abin a raina, kuma kusan shi ya sa na kama lissafi.

Da na girma na bi diddigin labarin, sai na tarar abin da muka ji a rediyo ɗan kaɗan ne daga cikinsa. Sauran shi na kawo muku yau.

Tushen abin gaba ce. Bayan yaƙin duniya na biyu, Amurka da Tarayyar Sobiyet suka shiga abin da ake kira yaƙin cacar baki. Kowace tana ƙera roka mai cin dogon zango, kuma rokar da za ta iya kai kaya sararin samaniya za ta iya kai bam garin abokin gaba. Shi ya sa ranar 4 ga Oktoba 1957, da Rasha ta harba Sputnik, hankalin Amurkawa ya tashi. Sputnik ɗin nan wani ɗan dunƙulen ƙarfe ne mai nauyin kilo 84, ba abin da yake yi sai kewaya duniya kowane minti 96 yana aiko da ɗan ƙara ta rediyo. Amma saƙon ya isa inda aka aika shi.

Kafin a yi kasadar ran mutum, dabbobi aka fara turawa. Cikin Nuwamba 1957 Rasha ta tura wata karya mai suna Laika, wadda aka tsinto a titin Mosko. A lokacin an ce ta yi kwanaki da rai a sama. Sai a 2002 gaskiya ta fito cewa zafi ya kashe ta cikin 'yan sa'o'i. Amurka kuwa, a Janairu 1961, ta tura wani biri irin wanda ake kira cimfanzi, suka sa masa suna Ham, ya je ya dawo lafiya. A dajin Kamaru aka kamo shi, nan maƙwabtanmu. Kun ga ɗan Afirka na farko da ya leƙa can, da wutsiya ko babu, biri ne.

Ranar Laraba, 12 ga Afrilu 1961, Yuri Gagarin ya shiga kumbo Vostok, ya kewaya duniya sau ɗaya, ya dawo. Tafiyar duka minti 108 ce. Shekararsa 27. Ina so ɗalibai su saurari asalinsa. Ɗan ƙauye ne, ubansa kafinta, uwarsa tana aikin tatsar shanu a gonar gwamnati. Lokacin yaƙi sojan Jamus suka ƙwace gidansu, iyalin suka koma wata 'yar bukkar ƙasa da suka haƙa a bayan gida. Da ya tasa, sana'ar zubin ƙarfe ya fara koya, daga nan makarantar koyon sana'a, daga nan tuƙin jirgin sama. Da zai sauko ma, ba cikin kumbon ya taɓa ƙasa ba. Yana saura kilomita 7 ya fito, ya sauka da lema a wata gona, inda ya tarar da wata mata da jikarta, suka tsorata da shigarsa. Hukuma ta ɓoye wannan na shekaru, don kada a ce bajintar ba ta cika ba. Bayan haka aka riƙa yawo da shi ƙasa ƙasa ana nuna shi, har Masar da Gana ya zo a 1962.

Amurka ta ji kunya. Makonni uku bayan Gagarin ta tura Alan Shepard, amma shi tsalle kawai ya yi na minti 15, bai kewaya duniya ba. Duk da haka, ranar 25 ga Mayu 1961 Shugaba Kennedy ya tsaya gaban majalisa ya ce kafin shekarun 1960 su ƙare za su kai mutum wata su dawo da shi lafiya.

To, shugaba, ga inda ruwanmu ya fara shiga. Kumbo yana gudun kusan kilomita 28,000 a sa'a guda. Tafiyar Ikko zuwa Kano, wadda jirgin ƙasa kan kwana a hanya, a wurinsa ba ta kai minti uku ba. A wancan zamani tashar rediyo ɗaya ba ta iya jin mai kumbo sai na 'yan mintoci, daga nan ya faɗa bayan duniya, magana ta yanke. Dole Amurka ta jera tashoshi kewaye da duniya, har da jiragen ruwa a tsakiyar teku, wannan ta saki waccan ta kama, kamar yadda fatake kan bi zango zango. A yankinmu na Afirka an kafa ɗaya a Zanzibar, ɗaya kuma a Kano.

Ranar Talata, 20 ga Fabrairu 1962, ana tsakiyar azumin watan Ramalana, John Glenn ya tashi daga Fulorida, shi ne Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya. Minti ashirin da 'yan kai bayan tashinsa yana saman ƙasar Hausa, wajen la'asar ke nan a Kano. Ya leƙo ta tagar kumbo ya ba da labarin cewa yana ganin ƙura tana tashi a kan hamada, har ba ya ganin ƙasa sosai a wasu wurare. Mutanen tashar Kano suka shaida masa cewa iskar ta yi kwanaki tana kaɗawa. Jama'a, wace ƙura ce wannan in ba hazon hunturu ba? Wanda yake fasa mana leɓe da dugadugai, shi mutumin nan ya hango daga sama. Tashar ta ɗauki bugun zuciyarsa da lafiyar na'urorinsa, ta aika Amurka ta waya, sannan ta miƙa shi ga ta gaba. Sau uku ya kewaya duniya, cikin sa'a huɗu da minti 55.

Shekara ɗaya da rabi bayan haka, ranar 23 ga Agusta 1963, Shugaba Kennedy ya yi magana ta wayar tarho da Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Maganar ta bi ta kan tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2, da taimakon wani jirgin ruwan Amurka da ke tsaye a tashar Ikko. Wannan ne karo na farko da shugabannin ƙasashe biyu suka yi zance ta tauraron ɗan'adam. Saboda haka in yaro ya buɗe littafin tarihin sama jannati, zai ga Kano, zai ga Ikko, zai ga ɗan Bauci.

Yanzu bari in zo kan waɗanda rediyo bai faɗi sunansu ba, don su ne suka kawo ni nan.

Mutumin da ya tsara rokar Sputnik da ta Gagarin sunansa Sergei Korolev. Har ya mutu a Janairu 1966 mutanen ƙasarsa ba su san sunansa ba, jaridu "Babban Mai Tsarawa" kawai suke cewa. A 1938 gwamnatin Stalin ta kama shi bisa ƙazafi, ta tura shi aikin haƙar zinariya a Kolyma, can ƙuryar Saiberiya, inda ya rasa haƙoransa ya kusa rasa ransa. Wannan ɗan sarƙa shi ya ɗaga sunan ƙasar da ta ɗaure shi.

A Amurka kuma akwai Katherine Johnson, baƙar fata, ma'aikaciyar lissafi. Kafin tashin Glenn, na'ura mai ƙwaƙwalwa ce ta fitar da hanyar da kumbon zai bi. Na'urar sabuwa ce, Glenn bai gama yarda da ita ba, sai ya nemi matar nan ta sake lissafin da hannunta, in ta ce daidai ne zai tafi. Ta zauna kwana ɗaya da rabi tana bi, lissafi ya yi daidai, ya tafi. Iyaye, ga abin da nake so ku riƙe. A garinsu, a jihar West Virginia, ba makarantar sakandare ta 'ya'yan baƙaƙe. Ubanta ba mai kuɗi ba ne, noma da aikin katako yake yi. Amma duk shekara sai ya kwashe iyalinsa ya kai su wani gari mai nisan kusan kilomita 200 don 'ya'yan su yi karatu, shi ya koma neman abinci. Ta gama jami'a tana da shekara 18. Ta rasu a 2020 tana da shekara 101, bayan duniya ta farga ta san darajarta.

Mace ta farko da ta je sararin samaniya, Valentina Tereshkova, ma'aikaciyar masaƙa ce, tana karatu ta hanyar wasiƙa bayan ta tashi aiki. A Yuni 1963 ta kewaya duniya sau 48 cikin kusan kwana uku.

Teloli da ke cikin wannan zaure, naku ya zo. Rigar da Armstrong ya sa ya taka wata, mata ne suka ɗinka ta a kan keken ɗinki, a wani kamfani da aka sani da ɗinkin kayan ciki na mata. Rigar ninki 21 ce. Kuskuren da aka yarda da shi a ɗinkin bai kai milimita ɗaya ba, kuma akan haska rigar da na'urar ɗaukar hoton ƙashi don kada a mance fil a ciki. Ɗinki ɗaya ya saki, iska ta fita, mutum ya mutu. An ƙiyasta mutum 400,000 suka yi aikin Apollo. Uku suka tafi, biyu suka taka, ɗaya muka riƙe sunansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko a kan wata.

Akwai kuma waɗanda suka biya da ransu. A Maris 1961, makonni uku kafin Gagarin, wani saurayi ɗan shekara 24 mai suna Valentin Bondarenko ya ƙone a ɗakin gwaji da aka cika da iskar oksijin. Rasha ta rufe maganar har 1986. Ranar 27 ga Janairu 1967 irin wannan wuta ta kama cikin kumbon Apollo na farko yana ƙasa ana gwaji. Ƙofar ciki take buɗewa, matsin iska ya danne ta, Grissom da White da Chaffee suka mutu a ciki. Watanni uku bayan haka, Vladimir Komarov yana dawowa cikin kumbon Soyuz, lemarsa ta ƙi buɗewa daidai, ya faɗo ƙasa ya mutu. An san kumbon yana da matsaloli, amma aka tura shi. Alexei Leonov, wanda ya fara fita wajen kumbo a Maris 1965, rigarsa ta kumbura har ya kasa komawa ta ƙofa, sai da ya rage iskar rigar da hannunsa, abin da zai iya kashe shi. Da suka sauko kuma suka faɗa tsakiyar daji cikin ƙanƙara, suka kwana biyu kafin a fito da su. Jaridun lokacin nasara kawai suka buga. Shi kansa Gagarin bai sake komawa sama ba, ya mutu a haɗarin jirgin horo a Maris 1968, yana da shekara 34. Mafi yawan waɗannan haɗurra gaggawa ce ta jawo su, kowa yana so ya riga ɗan'uwansa.

Tambayar da shugaba ya yi mini ma ba sabuwa ba ce. Ana gobe Apollo 11 zai tashi, wani shugaban baƙaƙen Amurka, Ralph Abernathy, magajin Martin Luther King, ya jagoranci talakawa har bakin filin harba roka, da amalanke da alfadarai suna ja. Maganarsa ita ce, ƙasar da ke iya kai mutum wata ba ta da hujjar barin yara da yunwa. Shugaban hukumar NASA ya fito ya saurare shi, ya kuma yarda cewa da fasa tafiyar zai magance yunwa da sun fasa. Ni a ganina Abernathy yana da gaskiya. Abin da zan ƙara kawai shi ne, ilimin da aka tara a wannan aiki bai tsaya a wata ba. Hasashen ruwan sama da manomi yake ji, da wayar da ke nuna wa direban tirela hanya, da akwatin talabijin mai faranti, duk a kan taurarin ɗan'adam suke tafiya. Nijeriya ma ta harba nata na farko a 2003.

Saura jita-jita, don zamanin ya haifi da yawa, wasu har yau suna yawo.

Kowa a nan ya san ciwon ido da muke kira afolo. Daga Apollo sunan ya fito. An ce ƙurar wata ce 'yan sama jannati suka kwaso. Alhali ciwon ya ɓulla a Gana tun watan Yuni 1969, kumbon kuwa sai 16 ga Yuli ya tashi. Ƙwayar cuta ce da ke bin hannu da tawul da ruwan wanke fuska, daga can ta bazu zuwa nan. Maganinta tsabta da ganin likita. Masu ɗiga ruwan batir ko fitsari a ido, don Allah a bari, ana makancewa.

Ta biyu, wai ba a je watan ba, a ɗakin shirya fim aka yi. Mutum 12 suka taka wata tsakanin 1969 da 1972, suka kawo duwatsu da ƙasa kilo 382, waɗanda masana na ƙasashe da yawa suka bincika. Sun bar madubai a can, har yau ana harba musu haske daga nan ya dawo, a auna nisan wata, wajen kilomita 384,000. Kumbon Indiya ya ɗauko hoton inda Apollo 11 ya sauka a 2021. Sannan ku tuna Rasha, wadda ta fi kowa son ta kunyata Amurka, tana da na'urorin bin sawun tafiyar, ba ta taɓa cewa ƙarya ce ba.

Ta uku ita ce mai nauyi, malamai ku gafarce ni. Ana cewa Armstrong ya ji kiran salla a kan wata, da ya zo Masar ya sake jin irinsa sai ya musulunta. Na ji wannan tun ina saurayi, na kuma so ya zama gaskiya. Amma mutumin da kansa ya ƙaryata, cikin ladabi, har a 1983 gwamnatinsu ta aika wa ofisoshin jakadancinta takardar bayani a kai. Ya mutu a 2012 bai canza magana ba. Addininmu ba ya bukatar a tallafe shi da labarin da ba a yi ba, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda yake son labarin Musulmi a sararin samaniya, akwai na gaskiya: Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya je a 1985.

Gasar ta lafa a Yuli 1975, lokacin da kumbon Amurka da na Rasha suka haɗu a sama, Leonov ɗin nan da ya kwana cikin ƙanƙara ya yi musafaha da Thomas Stafford. Bayan duk kuɗi da rayukan da aka kashe, a gaisuwa aka ƙare.

To shugaba, lokacina ya kusa. Mu nan baƙi ne da muka zama 'yan gari. Kakanninmu sun baro Kano da Katsina da Sakkwato da ƙafa, suka kafa Sabo, suka riƙe cinikin goro da na shanu da amana da lissafin ka. Ba ƙwaƙwalwa muka rasa ba. Amma bana kaɗai na san gidaje a unguwar nan da aka cire yaro daga aji uku na sakandare aka ba shi babur, da waɗanda aka cire yarinya mai zuwa ta ɗaya a lissafi aka ɗora mata tire. Na san halin da ake ciki, ban zo zagin kowa ba. Ina dai tuna mana da wani manomi da ya riƙa yin tafiyar kilomita 200 don 'yarsa ta zauna a aji, alhali tamu makarantar tana bayan masallaci. Ina roƙon ƙungiya, kafin a tashi taron nan, a rubuta sunayen yaran da suka bar makaranta bana, a bi gidajensu ɗaya bayan ɗaya, a ga wanda asusunmu zai iya mayarwa. Ni na ɗauki nauyin koyar da lissafi kyauta kowace Asabar bayan la'asar, muddin ƙafata tana kawo ni.

Ku kuma ɗalibai, ba na ce kowa sai ya je wata ba. Wanda zai zama tela ya yi ɗinkin da za a iya jingina rai a kansa. Wanda zai zama makaniki ya ɗaure kusoshinsa duka, ko mai mota ba ya kallo. In kuma labari ya shigo wayarka, ka tambayi wa ya faɗa, yaushe aka yi, kafin ka tura wa wani.

Abin da na faɗa daidai, daga Allah ne. Inda na yi kuskure, daga gare ni ne, a yafe mini. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya jiƙan magabatanmu.